YESU YA GAN TA: Saƙo ga iyayenmu mata masu ciwon baya da kuma 'ya'yansu

Karatu: Luka 13:10-17, Farawa 16:7-14
Ayar haddacewa: Ishaya 46:4

Kafin ku ci gaba, ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta wuraren nan biyu a hankali. In akwai tsohuwa a gidan wadda idonta ya yi rauni, a karanta mata da ƙarfi, domin saƙon nata ne kafin ya zama na kowa.

A cikin wasiƙu da saƙonnin waya da masu sauraronmu suke aiko mana, akwai kuka iri ɗaya da yake yawan dawowa. Yana zuwa daga ƙauyukan Nijeriya da Nijar, yana kuma zuwa daga 'yan'uwanmu da ke ci-rani can ƙetaren hamada, har daga unguwar Hajara a birnin Sabha na ƙasar Libiya. Wata uwa ce bayanta ya hana ta miƙewa. Wata in ta yi 'yar tafiya sai ƙafafunta su mutu, dole ta nemi wurin zama. Tambayoyin da ke biyo baya su ne: Jifa aka yi mini? Wani zunubi na yi? In na je asibiti, na nuna rashin bangaskiya ke nan? Allah ya manta da ni ne? Bari mu kai tambayoyin nan gaban Maganar Allah.

MACEN DA KE KALLON ƘASA

Luka ya ba mu labarin wata ranar Asabar da Yesu yake koyarwa a majami'a. A cikin taron akwai wata mace wadda ta shekara 18 a ranƙwafe, ba ta iya ɗaga kanta ta tsaya daidai. Luka bai faɗi sunanta ba. Da alama mutanen garin ma da ciwonta suka san ta.

Ku yi lissafi. Shekara 18 ta ƙunshi ranakun Asabar fiye da 900. Yaron da aka haifa a shekarar da bayanta ya lanƙwashe, ya riga ya isa aure. Duk tsawon wannan lokaci ƙasa take kallo. Tana gane mutane ta takalmansu. In za ta sha ruwa, wahala ce. In za ta dubi fuskar mai yi mata magana, sai ta karkata wuya kamar mai leƙe. Duk da haka ga ta a majami'a. Ciwo bai raba ta da wurin sujada ba.

Ku lura, ba ta roƙi kome ba. Makaho Bartimawas ya yi ihu a bakin hanya. Mace mai zubar jini ta kutsa cikin taro ta taɓa rigar Yesu. Wannan kuwa ko baki ba ta buɗe ba. Yesu ne ya gan ta, ya dakatar da koyarwarsa, ya kira ta gaban jama'a, ya sanar da ita cewa an kwance ta daga rashin lafiyarta, ya ɗora mata hannu. Nan take ta miƙe, fuskar da ta fara gani kuwa ta Mai Cetonta ce. Sai ta shiga yabon Allah.

Mutane sun saba ganinta har sun daina ganinta. Haka yake faruwa a gidajenmu. Kaka tana tafiya a duƙe, sai mu ce ai tsufa ne, mu wuce. Yesu bai wuce ba.

ALLAH MAI GANI A CIKIN HAMADA

Birnin Sabha shi ne babban birnin yankin Fezzan a kudu maso yammacin Libiya. Tun zamanin fatake, ayarin Kano da Borno suna ratsa wannan yanki da raƙuma zuwa Tarabulus. A zamaninmu motoci ne suke tasowa daga Agadas, su bi ta Dirku da Madama, su shiga Libiya ta Tumo da Gatrun, kwana da kwanaki mutane na zaune a takure a bayan akori-kura. Hajara tana cikin tsofaffin ƙauyukan da suka haɗu suka zama Sabha. A Larabci sunan yana nufin duwatsu, amma kunnen Bahaushe sunan mace yake ji. Mai karanta Littafi Mai Tsarki kuwa zai tuna da Hajaratu.

Hajaratu baiwa ce, Bamasariya, tana aiki a gidan da ba nata ba, a ƙasar da ba tata ba. Da wahala ta yi mata yawa a hannun uwargijiyarta, sai ta gudu cikin jeji da juna biyu. Ba wanda ya bi sawunta sai mala'ikan Ubangiji, wanda ya same ta a bakin maɓuɓɓugar ruwa, ya kira ta da sunanta. A wurin nan ne ta laƙaba wa Ubangiji suna, ta kira shi Allahn da yake ganinta. A Farawa 21 ta sake shiga jeji, ruwan salkarta ya ƙare, ta ajiye ɗanta a gindin wani ɗan itace don kada ta ga mutuwarsa. Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe mata ido ta ga rijiya.

Mama, ke da kike wanki da goge-goge a gidan mutane a Sabha, ko kike tsaye a gaban murhu kina dafa abincin sayarwa ga 'yan ci-rani, kin je da ƙarfinki, yanzu ga furfura, ga baya ya ƙi. Zafin bazara a can yakan wuce digiri 40, sanyin hunturu da dare kuwa har cikin ƙashi. Ba coci a kusa da za ki shiga a sake, wataƙila ta rediyo ko ta waya kaɗai kike jin Bishara. Allahn da ya ga Hajaratu a hanyar Shur yana ganinki a Hajara. Idon da ya tsinto macen nan a cikin taron majami'a bai dushe ba.

ME KE FARUWA A CIKIN BAYAN?

Zabura 139 ta koya mana cewa Allah ne ya saƙa jikinmu tun muna ciki, aikinsa kuwa abin al'ajabi ne. Sanin yadda ya gina mu ba ya rage bangaskiya, yana ƙara mana dalilin yabo, yana kuma korar tsoro.

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Gadon baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora wani kan wani: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sa'an nan waɗanda suka manne da juna a ƙasa. Tsakanin kowane biyu akwai guringuntsi mai laushi kamar matashi. Ta tsakiyarsu kuma akwai rami dogo kamar bututu, inda laka da jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafafu suke wucewa.

Da shekaru suka ja, matasan nan sukan bushe su lotse, gaɓoɓin su yi kauri, ƙashi ya yi 'yan tsiro. Sai hanyar jijiyoyi ta ƙuntata. Wannan shi ne tsukewar hanyar laka, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50 ko 60. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Henk Verbiest ya bayyana alamunsa dalla-dalla a shekarar 1954. Ga yadda ake gane shi: in mutum ya tsaya ko ya yi tafiya, sai ciwo ko nauyi ya sauko daga ƙugu zuwa ɗuwawu da cinyoyi, ƙafa ta mutu, ko a ji kamar tururuwa na yawo a cikinta. In ya zauna ko ya sunkuya, sai abin ya lafa. Dalili kuwa shi ne sunkuyawa tana ɗan buɗe hanyar, miƙewa tana ƙara matse ta. Shi ya sa Mama za ta iya share tsakar gida a duƙe, amma ta kasa tsayawa har a gama waƙa guda a coci. Ba lalaci ba ne, ba kuma neman a tausaya mata take yi ba.

Akwai abu na biyu da ya fi damun mata. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Yakan kai iyakar ƙarfinsa wajen shekara 30. Sa'ad da al'adar mace ta ɗauke, wani sinadari mai suna istirojin da ke tsare ƙashi yakan ragu, sai rushewa ta fi gini sauri. Ƙashin ya zama kamar ginshiƙin da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa rami. Ƙasusuwan baya sukan lotse ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba tare da faɗuwa ba, sai a ga tsohuwa ta rage tsawo, doro ya fito. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta sami karaya saboda wannan rauni. Don a faɗakar da mutane ne aka keɓe ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara.

Na uku shi ne amosanin gaɓɓai, musamman a gwiwa da kwatangwalo, inda guringuntsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi yake cinyewa.

Shekaru su ne babban dalili, amma aiki mai nauyi yana ƙarawa. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Ku ƙidaya sau nawa uwarku ta ɗora irin wannan nauyi a ka, ga goyo a baya, ga daka, ga surfe, ga itace daga daji, ga noma da ƙaramar fartanya. Doron nan da kuke gani, tarihin rainonku ne aka rubuta a jikinta.

'YAR IBRAHIM CE, BA MAYYA BA

Wani zai ce, ai Yesu da kansa ya faɗa cewa Shaiɗan ne ya ɗaure macen nan. Gaskiya ne. Ciwo da mutuwa sun shigo duniya ta ƙofar faɗuwar mutum, Shaiɗan kuwa maƙiyi ne mai jin daɗin ganin halittar Allah a wulaƙance. Amma ku duba da kyau. Macen nan ɗaurarriya ce, ba abokiyar aikin mai ɗaurin ba. Yesu bai ce ta tona asirin wani zunubi ba. Bai tambaye ta wace kishiya ko wace maƙwabciya ce ta yi mata asiri ba. Bai karɓi kuɗi ba, bai sayar mata da mai ko ruwa ba. Ya kira ta 'yar Ibrahim, wato mai gādon alkawari, daidai da kowane namiji da ke zaune a sahun gaba.

A Yahaya 9 almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, sai suka fara neman mai laifi, shi ko iyayensa. Yesu ya rufe wannan ƙofa. Ayuba ma ya sha ciwo daga tafin ƙafa har tsakar ka, alhali Allah da kansa ya shaide shi. Abokansa da suka nace lallai akwai ɓoyayyen laifi, su ne Allah ya tsawata wa a ƙarshe.

A nan dole mu faɗi magana mai ɗaci. A wasu wurare, tsohuwar da ta ranƙwafa, idonta ya yi ja saboda hayaƙin murhu, tana magana ita kaɗai saboda kaɗaici, ita ce ake nuna wa yatsa in yaro ya yi zazzaɓi. Ana ce mata mayya. Ana hana jikoki cin abincinta. Akwai waɗanda aka kora daga gidan da suka gina da guminsu, wani lokaci ma da bakin masu kiran kansu bayin Allah. Wannan mugunta ce, zunubi ne a gaban Allah. Wanda ya ɗora wa uwa tuhuma a kan ciwonta, aikin mai ɗauri yake taya wa, ba na Mai kwancewa ba. Duk ikilisiyar da irin wannan ya faru a cikinta, sai dattawanta su tashi su tsaya tsakanin tsohuwar da masu zarginta.

Mama, ke ma kada ki ɗauki ciwonki ki kai wa boka, kada kuma ki ɗora zargi a kan surukarki. Za a cinye miki 'yan kuɗinki, a raba ki da danginki, baya kuwa yana nan yadda yake.

To, zuwa asibiti fa? Wanda ya rubuta mana labarin nan, Luka, likita ne, Bulus kuma ya ambace shi da ƙauna a Kolosiyawa 4:14. Sa'ad da Allah ya yi alkawarin warkar da sarki Hezekiya, annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Alkawari da magani suka tafi tare. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a. A kira su. Bayan an ce amin, a nemi mota a kai ta wurin likita. Allah ne mai warkarwa ta kowace hanya ya zaɓa.

KUNA KWANCE JAKI, BALLE UWA

Shugaban majami'a bai yi murna ba. Ya juya ga taron yana faɗa, wai akwai ranakun aiki shida, a zo neman warkarwa a cikinsu. Yesu ya kira irin wannan hali munafunci, ya kawo misalin da kowane manomi zai gane. Ko a ranar hutu, kowa yana kwance sansa ko jakinsa daga turke ya kai shi shan ruwa. Dabba ba ta kwana da ƙishi saboda doka. Yaya mace da ta shekara 18 a ɗaure za a ce ta ƙara jira?

Bari mu kawo tambayar gida. In saniyarka ta fara ɗingishi, kafin rana ta faɗi ka nemo malamin dabbobi. In babur ɗinka ya fara ƙara, ka kai shi wurin makanike. Uwarka tana ɗingishi shekara nawa ke nan? Kullum sai ka ce bari a gama girbi, bari a gama ginin ɗaki, bari a wuce bikin Kirsimeti. Wannan ita ce muryar shugaban majami'a: a dawo wata rana.

Bulus ya gaya wa Timoti ya ɗauki tsofaffin mata kamar iyayensa. Ya ce 'ya'ya da jikoki su fara nuna ibadarsu a gida ta wurin sāka wa iyayensu, ya kuma yi kashedi mai tsanani cewa wanda ya ƙi kula da nasa ya yi musun bangaskiya (1 Timoti 5:2-8). A Markus 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Baikon da ka sa a coci ba ya share hakkin uwarka.

Kai ɗan'uwa da ke aikin gini ko gona a Sabha, a Murzuk ko a Tarabulus, mun san ba da sauƙi kake samun dinarin nan ba, musamman tun hargitsin da ya biyo bayan shekarar 2011. In ka aika kuɗi gida, ka ware wani kashi ka ce wannan na lafiyar Mama ne, ka kuma sa amintaccen mutum ya raka ta. In ba haka ba, ita da kanta za ta juya shi zuwa kuɗin makarantar jikoki, domin haka uwa take. Ka riƙa kiranta, ka tambaye ta nisan da take iya takawa kafin ta zauna. In nisan yana raguwa, lokacin ganin likita ya yi.

Ƙasar da kake zaune a cikinta ba baƙuwa ba ce a Littafi Mai Tsarki. Saminu, wanda sojoji suka tilasta wa ɗaukar gicciyen Yesu, mutumin Kurane ne, kangon birnin kuwa yana nan har yau kusa da garin Shahat a gabashin Libiya. Mutumin Libiya ne ya sa kafaɗa a ƙarƙashin kayan Ubangiji sa'ad da ƙarfinsa na jiki ya ƙare. Galatiyawa 6:2 ta kira mu mu yi wa juna haka. In akwai wata tsohuwa daga gida a unguwarku wadda ba ta da kowa, ku ne 'ya'yanta. Ku ɗebo mata ruwa, ku raka ta asibiti ku yi mata tafinta, in kuma tana marmarin komawa gida, ku haɗa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ikilisiya kuma: a tanadi kujeru masu majingina a kusa da ƙofa. Mai jagorar sujada ya faɗa a sarari cewa wanda ba ya iya tsayawa ya zauna, Allah yana karɓar yabonsa. A gyara matakala, a sa abin dafawa. Zumuntar mata ta tsara masu ziyara, fasto kuma ya riƙa kai Jibin Ubangiji ga waɗanda ba sa iya fitowa. Manzanni sun sa an zaɓi mutum bakwai cike da Ruhu saboda gwauraye mata da aka manta da su wajen rabon abinci (Ayyukan Manzanni 6). Ba ƙaramin aiki suka ɗauke shi ba.

ABIN DA MAMA ZA TA YI WA KANTA

Jikinki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne ko da ya tsufa. Ga shawarwari kaɗan.

Kada ki kwanta ki ce shi ke nan. Doguwar kwanciya tana raunana nama da ƙashi. Ki yi tafiya kaɗan, ki zauna ki huta, ki sake tashi. Sannu ba ta hana zuwa. Sanda ba abin kunya ba ce, Yakubu ma a kan sandarsa ya jingina ya yi sujada a ƙarshen ransa (Ibraniyawa 11:21). Manyan kaya kuma a bar wa yara.

Ƙashi yana bukatar sinadarin kalsiyam. Ana samunsa a nono da kindirmo da madara, a ganyen kuka da zogale, a riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙashinsu. Yana kuma bukatar bitamin D, wanda fata take yi in rana ta taɓa ta. Macen da ke wuni a cikin ɗaki, kamar yadda masu aikatau da yawa suke yi a Libiya, tana iya rasa shi ko da a tsakiyar hamada take. Ki riƙa ɗan shan hantsi a tsakar gida.

A yi hattara da faɗuwa, domin karayar kwatangwalo ta kwantar da tsofaffi da yawa har abada. A sa haske a hanyar bayan gida, a kawar da santsi a wurin wanka, a duba ido.

A yi hattara da magungunan 'yan talla. Irin su diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su tayar da hawan jini. Irin su dexamethasone da prednisolone suna kwantar da ciwo da sauri, amma a ɓoye suna cinye ƙashi, suna kuma tayar da ciwon sukari; wadda ta daɗe tana shan su kada ta yanke farat ɗaya, sai da jagorar likita. Tramadol kuwa yana sa jiri, yana kuma kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Kada a kwance ki daga wani turke a ɗaure ki a wani.

Ga alamun da ba a kwana da su: fitsari ko bayan gida ya riƙa zubowa ba da saninki ba, ko fitsari ya ƙi fita; wurin zama da tsakanin cinyoyi su mutu; ƙafa ta yi rauni farat ɗaya. Wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar. Haka kuma in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. Yana warkewa in an sha magani na watanni ba fashi, ana kuma ba da maganin kyauta a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya da Nijar. Maɗori ya san karaya, amma irin wannan ya fi ƙarfin tausa da tsaga.

Yawancin masu tsukewar hanyar laka ba sa bukatar tiyata. Motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi, rage ƙiba da maganin da ya dace sukan wadatar. Ga waɗanda abin ya yi tsanani, likitoci suna ɗaukar hoton MRI, su yi aiki su buɗe wa jijiyoyi hanya, da yawa kuma sun sami sauƙin tafiya. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, akwai asibitocin koyarwa a Zariya, Sakkwato da Jos, a Nijar kuma akwai asibitin mishan na Galmi da ke hidima tun 1950. Ko ƙaramin asibiti na kusa zai iya duba ki ya tura ki gaba.

IN WARKARWA TA JINKIRTA

Ba za mu yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Yesu yana warkarwa har yau, muna roƙonsa da gaba gaɗi. Amma Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-10). In bayanki bai miƙe ba bayan addu'a, kada wani ya ce miki bangaskiyarki ce ta gaza. Macen majami'a 'yar Ibrahim ce a shekara ta farko da ta goma sha bakwai, tun ba a taɓa ta ba.

A Ishaya 46 Allah ya yi wa gumakan Babila ba'a, domin sai an ɗora su a kan dabbobi, su zama kaya ga gajiyayyu. Sa'an nan ya ce shi ba haka yake ba: shi ne ya ɗauki jama'arsa tun daga ciki, shi ne kuma zai ci gaba da ɗaukarsu har furfura. Mama, kin goyi mutane da yawa. Yanzu ki yarda a goye ki.

Aikinki kuma bai ƙare ba. Hannatu ta tsufa ƙwarai, amma ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a, ita ce kuma ta ba masu sauraron fansa labarin jariri Yesu (Luka 2:36-38). Titus 2 ya damƙa wa tsofaffin mata koyar da ƙanana. Wannan aiki a zaune ake yinsa. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Akwai kuma ranƙwafawar da ta fi ta baya muni. Mutum yana iya tafiya a miƙe kamar shugaban majami'a, alhali zunubi ya tanƙwara zuciyarsa har ba ya ganin kome sai ƙasa da abin duniya. Ba mai iya miƙar da kansa. Saboda haka ne Yesu ya sunkuya a ƙarƙashin gicciye, aka farfasa bayansa da bulala, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. Mai karatu, in ba ka taɓa amsa kiransa ba, yau yana ganinka, yana kiranka. Duk wanda ya gaskata da shi yana da alkawarin Filibiyawa 3:21, cewa zai sāke wannan jiki mai rauni ya zama kamar jikinsa mai ɗaukaka. A ranar nan ba sanda, ba doro, ba ƙafar da za ta mutu a hanya.

DON TUNANI

1. Wace tsohuwa ce a gidanmu ko a ikilisiyarmu muka saba gani har muka daina ganinta?
2. Wane uzuri nake bayarwa don jinkirta kula da lafiyar mahaifiyata?
3. Na taɓa sa baki, ko na yi shiru, sa'ad da ake zargin wata tsohuwa da maita?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, Allah mai gani, mun gode maka domin iyayenmu mata waɗanda suka ɗauke mu a baya har bayansu ya gaji. Ka dubi waɗanda ke gida da waɗanda ke baƙunci a Sabha da sauran garuruwan hamada. Ka ɗora musu hannunka na warkarwa, ka ba likitoci hikima, ka tsare su daga masu ruɗi da masu zargi. Ka gafarta mana inda muka ce su jira. Ka buɗe idanunmu mu gan su kamar yadda Ɗanka ya ga macen nan, ka ba mu zuciyar ɗaukar kayansu. Waɗanda za su ci gaba da jimrewa kuma, bari alherinka ya ishe su har ranar da za ka miƙar da mu duka a gabanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Karin karatu na mako: Zabura 71; Zabura 92:12-15; Rut 4:13-17; Yahaya 19:25-27; 2 Korantiyawa 4:16-18.